Rahoton 'yan sanda ya ɗora min laifin hatsarin da ba ni na jawo ba, ya zanyi?

Assalamu alaikum Kawu. Dan Allah shawara nake nema, kaina ya kulle. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, yadi nake sayarwa. Kwanakin baya bayan la'asar ina tafe da mai ɗakina a 'yar Corolla ɗina akan babban titi, sai wata motar ɗaukar ruwan leda ta fito daga lungu a guje ta dake mu ta ɓangaren da take zaune, hannunta ya karye. Ban tsaya wata-wata ba muka tari adaidaita sai asibiti, daga baya 'yan uwa sukace a maida ta wajen mai ɗori. 'Yan sanda sunzo sunyi awo bana nan. Washegari naje caji ofis aka rubuta sitatimen da turanci, ni kuma turancina ba nisa, aka miƙo min shi da wani zane akace sa hannu nan, na sa, hankalina duk yana kan mara lafiya. Yanzu na karɓo rahoton na kai wani yaro ya karanta min, ashe an juya lambobi biyu a lambar motata, an rubuta ƙarfe 9 na dare, an rubuta babu wanda yaji rauni, babban abin ma wai ni ne na fito daga lungu ban tsaya ba. Manajan kamfanin ruwan kullum sai ya kirani wai in biya ₦650,000 kuɗin gyaran motarsu ko mu haɗu a kotu. Na koma wajen IPO, wato ɗan sandan da ke binciken maganar, yace an rufe fayil oga ya riga ya sa hannu. Wani abokina yace in bada na goro kawai a gyara. Motata tana wajen fanel bita, gobe ko jibi zai fara aiki. Ina mafita?

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu, Allah ya tsare gaba, ya baiwa mai ɗakin naka lafiya ya sa kaffara ne.

Tun kafin ka ƙarasa karanta amsar nan ɗauki waya ka kira fanel bitan nan kace masa kar ya kuskura ya taɓa motar, ko guduma ɗaya kar ya sa mata. Wannan lotsewar da ke jikin ƙofar dama ita ce babbar shaidarka a yanzu, bata cin hanci kuma bata mantuwa, amma da zarar an buge ta an shafa foti an fesa fenti shikenan ka binne hujjarka da kuɗin aljihunka. Kaje da kanka da rana ka ɗauki hotuna ta kowane ɓangare, na nesa wanda lambar motar zata fito ɓaro-ɓaro da na kusa wanda zai nuna zurfin dukan, in akwai fentin waccan motar da ya goga a jikin taka shima ka ɗauka, kayi bidiyo kana zagaya ta, sannan ka tura wa wani ɗan uwanka ya aje maka saboda waya bata da tabbas. Motar da aka daka a ƙofar gefe, ita kuma waccan gabanta ne ya fashe, ko yaron gareji ya kalla yasan wa ya tunkuyi wani. Ba wai wannan kaɗai ya gama shari'a ba, tunda zasu iya cewa kai ka gitta musu, amma in aka haɗa shi da inda lungun yake da inda kowace mota ta fuskanta, labarin da aka rubuta zai fara tangal-tangal. Ka kuma tambaya ko VIO, wato jami'in duba lafiyar motoci, ya duba motocin biyu, don a ƙa'ida in hatsari ya kai gaban 'yan sandan MTD masu kula da harkar ababen hawa, ana kiran VIO ya duba ya rubuta nasa rahoton akan birki, taya, fitila da inda kowace mota ta daku. In ba'ayi ba ka nemi ayi tun motar tana yadda take.

Toh yanzu ka kwantar da hankalinka kaji. Rahoton ɗan sanda ba hukunci bane. Mutane da yawa da zarar sunga takarda da hatimin 'yan sanda sai gwiwarsu tayi sanyi suga kamar magana ta ƙare, shi manajan ma da wannan tsoron yake maka ciniki. Ɗan sandan nan baya wajen lokacin da abin ya faru, zuwa yayi daga baya ya tarar da direba ɗaya a tsaye da bakinsa, ɗayan kuma yana asibiti, ya rubuta abinda yaji. In magana taje kotu IPO zuwa zaiyi ya tsaya a matsayin mai bada shaida, lauya yayi masa tambayoyi, ya akayi ka san daga ina kowace mota ta fito, wa ya nuna maka inda aka haɗu, ina mai Corolla yake lokacin da kake awo, alƙali ne kuma zai auna. Amma kar in yaudareka, takardar tana da nauyi, kamfanin inshora da ita yake aiki, kuma zanen nan da ka sa wa hannu lauyansu zai riƙe shi gam yace ai ka yarda. Don haka ba abin a naɗe hannu bane, ba kuma abin firgita bane.

Kurakuran da ka lissafo guda huɗu ba jinsinsu ɗaya ba, kuma in ka kwashe su gaba ɗaya ka tafi caji ofis da zafin rai kana cewa an zalunceka an haɗa baki da kamfani, to ko wanda za'a gyara maka cikin minti goma ba za'a gyara ba. Lambar mota, lokaci, da maganar rauni, waɗannan kuskure ne da takarda ke warwarewa, babu jayayya a ciki. Wanda ya fito daga lungu kuwa wannan rigima ce tsakanin bakinka da bakin direbansu, hanyarsa daban.

Fara da masu sauƙin. Lambar mota, fotokwafin takardun motarka da hoton lambar sun isa. Kar ka raina wannan kuskuren wai ai lambobi biyu ne kawai, a wajen inshora motar da ke cikin rahoton ba taka bace, wata mota ce can daban, kuma su dama neman dalilin ƙin biya suke, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka duba sunanka ma yadda aka rubuta shi, da lambar lasisinka, da kwanan wata, da sunan titin, da lambar motar kamfanin da sunan direban, tunda wanda ya juya lamba ɗaya zai iya juya wata. Sau da yawa ba mugunta bace, da hannu ake rubutawa a fayil cikin hayaniya sai wani daban ya buga a kwamfuta, 4 ta koma 9, shikenan.

Lokaci kuma yafi yadda kake zato muhimmanci. Ƙarfe 9 na dare da bayan la'asar ba abu ɗaya bane, da dare sai a fara maganar ko fitilarka na aiki, ko ka gani ko baka gani ba, sannan duk shaidar da zaka kawo zaice da rana abin ya faru, takarda tace da dare, sai a mayar da shaidunka maƙaryata. Abinda zai fidda kai shine katin asibiti, don ana rubuta ranar da aka karɓi mara lafiya kuma a sashen gaggawa galibi harda lokaci, ga rasit ɗin magani, ga kiran da kayi wa 'yan uwa a wayarka da lokacinsa a jiki, in ka tura kuɗi ta waya a kantin magani alat ɗin ma yana ɗauke da lokaci. Su kansu 'yan sandan suna da babban littafi a kan kanta da suke shigar da duk rahoton da ya shigo da lokacin da ya shigo, ka roƙi a duba shi. In 'yan hukumar kiyaye haɗurra FRSC ko 'yan KAROTA sun zo wajen, suma suna da nasu bayanin, kaje ofishinsu na yankin ka tambaya.

Maganar rauni ita tafi damuna, kuma anan sai na ɗan ja kunnenka. Bani da faɗa da masu ɗori, akwai waɗanda gado ne a gidansu kuma mutane na samun sauƙi, amma mai ɗori baya bada takarda, kuma kotu da inshora basu san tofi da karan ɗori ba, takarda suka sani. Ka koma asibitin da kuka fara zuwa ka nemi rahoton likita a rubuce da sa hannu da hatimi, wanda zai faɗi ranar da aka kawota da abinda aka gani. In ba'ayi hoton ƙashi ba a kaita ayi yanzu, karaya bata ɓuya a hoto ko ta fara haɗewa, kuma ko ba don shari'a ba ai gara a ga ko ƙashin ya zauna daidai, hannun mace ne da aiki ke jiransa. Duk rasit ka adana, na hoto, na magani, har kuɗin mai ɗorin ka rubuta a littafi da kwanan wata. Rahoton da yace babu wanda yaji rauni ya share haƙƙin baiwar Allah nan gaba ɗaya, gobe in kazo neman kuɗin magani sai ace wane rauni? Ita ma tana da damar bada nata sitatimen ɗin, tana cikin motar, a ɓangarenta aka daka, babu wanda ya kaita ganin abinda ya faru. In bata iya zuwa ka nemi IPO ya turo a ɗauka a gida.

Yanzu babban. Kar ka sa ran za'a yaga sitatimen ɗinka na farko ko a goge na direbansu, ba'a yin haka, kuma duk wanda yace zai maka haka to rami yake haƙa maka. Abinda ake yi shine ƙarin bayani, wato ka sake bada sitatimen na biyu a haɗa a fayil, kace ranar kaza na sa hannu a takarda da zane ba'a karanta min da Hausa ba, bana wajen lokacin awo domin na tafi kai matata asibiti, ga yadda abin ya faru. A taƙaice, a jere, abinda idonka ya gani kawai. Daga ina ka taso, ina ka nufa, wane hannu kake, ta ina motar ta ɓullo, ina ta dake ka. Banda zagi, banda wai direban a buge yake in baka da hujja, banda ƙara gishiri, don duk abinda ka faɗa a na biyun za'a jera shi da na farkon a nemi inda suka saɓa. Kuma wannan karon kaje da lauya ko aƙalla wani naka mai turanci sosai. Wannan ba alfarma bace, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 a sashe na 17 ta ce ana iya ɗaukar bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa ko wani da ya zaɓa, in kuma baya jin turanci a samo tafinta ya rubuta ya karanta masa har ya gane sannan shima tafintan ya sa hannu. Kano tayi irin tata dokar a 2019, Kaduna tun 2017, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta maimaita maganar. Kaga kenan yadda aka karɓi sa hannunka akwai abin cewa a kai, kuma lauya yasan yadda zaiyi amfani da wannan.

Ƙarin bayanin naka shi kaɗai baki ne kawai, sai ka nemo masa ƙafafu. Koma wajen da abin ya faru a daidai lokacin da ya faru, bayan la'asar, saboda mutanen da ke zama a wajen a wannan lokacin su zaka tarar. Mai faci, mai shayi, mai POS, mai gyaran waya, 'yan adaidaitan da ke lodi a bakin lungun, mai gadin wani gida. Hatsari a Kano ai baya faruwa a ɓoye, kafin ka fito daga mota mutum talatin sun kewaye ka kuma rabinsu waya ce a hannunsu, da wuya ace babu wanda ya ɗauki hoto tun motocin na inda suka tsaya, kuma hoton nan yafi zanen da akayi daga baya. Matsalar ita ce mutanenmu na tsoron caji ofis, da kace shaida sai kowa ya tuna yana da uzuri, kuma bana ganin laifinsu sosai. Bi su a hankali, kar ka fara da maganar kotu, kace bawan Allah kana nan ranar? me ka gani? in ya bada labari ka roƙe shi don Allah ya maimaita a gaban ofisa, kai zaka kaishi ka dawo dashi. Ko mutum biyu ka samu waɗanda ba danginka ba sun wadatar. Kuɗin mota da na ɓata masa lokacin sana'a ba laifi, amma kar ka saya masa magana, shaidar zur kowa yasan matsayinta a addini kafin ma aje ga doka. In akwai gidan mai ko banki ko babban kanti a kusa ka duba ko suna da kyamarar CCTV, kuma wannan da gaggawa, don na'urar tana taka tsohon hoto da sabo bayan ɗan lokaci, wani wajen ma sai ɗan sanda ko lauya ya rubuto zasu baka. In ka samu bidiyo ko hoto kar ka yanke kar ka gyara, ka bar shi yadda yake a wayar da ta ɗauka in zai yiwu, saboda dokar shaida ta 2011 sashe na 84 tana da sharuɗɗanta kafin kotu ta karɓi abinda ya fito daga waya ko kwamfuta, lauya zai shirya maka wannan.

Sai yadda zaka shigar da maganar. Ka daina zuwa da baki. Maganar baka a caji ofis iska ce, yau ace oga baya nan, gobe ace IPO ya tafi aiki na musamman, jibi ace an masa canjin wajen aiki. A rubuta maka wasiƙa da turanci zuwa ga DPO, a ambaci DTO tunda shi ke kan ɓangaren hatsari, a sa lambar fayil ko lambar da ke saman rahoton, da ranar hatsarin. A jero kurakuran ɗaya bayan ɗaya, an rubuta kaza, daidai shine kaza, ga hujja a maƙale. A ƙarshe a roƙi abu uku a fili, a gyara lamba da lokaci da maganar rauni, a karɓi ƙarin bayaninka da na matarka da na shaidu, a sake ziyartar wajen da kai da direbansu a tsaye. Kwafi biyu zakayi, su karɓi ɗaya, ɗayan su buga maka hatimin an karɓa da kwanan wata da sa hannu ka tafi da abinka. Wannan hatimin shine dukiyarka, ko basu gyara komai ba gobe a kotu ko a inshora zaka nuna cewa tun ranar kaza ka ƙalubalanci rahoton, ba yau ka ƙirƙiro ba. Asalin takardunka kuwa kar ka bar wa kowa, fotokwafi zaka bayar, asalin ka nuna ka mayar aljihu.

Kuma ka shiga da ladabi, ranka ya daɗe, yallaɓai, ofisa sannu da aiki. Ba tsoro bane, dabara ce. Mutum baya son ace yayi kuskure a gaban ogansa, to ka bashi hanyar fita, kace yallaɓai ranar bana nan ne shiyasa bayanin bai cika ba, ga cikon. Zancen an rufe fayil oga ya sa hannu kuwa zance ne kawai, ogan da ya sa hannu shi ke da ikon cewa a sake dubawa, shiyasa wasiƙar take tafiya wajensa ba wajen IPO ba. In sun yarda zasu gyara, ka tabbata sabon rahoto aka buga ko kuma takardar gyara aka haɗa mai ɗauke da lambar fayil ɗaya da sa hannu da hatimi. Kar ka yarda a ja layi da biro a rubuta a sama a miƙo maka haka ba sa hannu ba hatimi, kai kuma ko da wasa kar ka gyara da hannunka ko ka kai shagon kwamfuta a canza maka lamba, wannan sunansa jabun takarda, daga mai neman haƙƙi sai ka koma bayan kanta.

Abokinka mai shawarar na goro, nasan da kyakkyawar niyya ya faɗa, haka aka saba, amma ka tambaye shi, in kai ka bada dubu 20 aka juya rahoto, kamfanin da ke da motoci a titi kullum nawa zai iya bayarwa a sake juyawa? Wannan gwanjo ne da ba zaka ci ba. Bayan haka bayarwa laifi ne kamar karɓa, kuma ranar da magana ta fito gaskiyarka ma ta zama abin zargi, kai da aka daka sai ka koma wanda ya sayi rahoto. In akwai kuɗin da hukuma ta ɗora akan wata takarda ka biya a baka rasit, iyakarta kenan.

In kayi sati ko biyu shiru, ka hau sama da kwafin wasiƙar mai hatimi, Eriya Kwamanda, daga nan ofishin Kwamishinan 'yan sanda na jiha, a nemi a ɗauke binciken daga wannan ofis a mayar sashen MTD na jiha. Akwai kuma sashen karɓar ƙorafi na rundunar da ake kira CRU wanda aka kafa tun 2015, suna karɓa ta waya da WhatsApp kuma suna bada lambar bibiya. Ga Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, tana da ofis a kowace jiha kuma kyauta ne. In kuɗin lauya ne matsala ka leƙa ofishin Legal Aid, hukumar da ke taimakawa marasa hali da lauya, ko reshen ƙungiyar lauyoyi, ka faɗi halin da kake ciki. Amma bi su daki-daki, kar ka fara da sama ko ka fara da Facebook kana kiran sunan ofisa, wannan sai ya ƙulle ƙofar da da lalama zata buɗe, ya kuma jawo maka ƙarar ɓata suna a banza.

Baka ambaci inshora ba ko sau ɗaya a wasiƙarka, kuma na san dalili, yawancinmu takarda ce kawai da ake haɗo mana da sabunta fatikula don kar a tare mu a hanya. To ɗauko ta ka duba. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta mayar da kuɗin inshorar dole ta ƙananan motocin gida ₦15,000 daga ₦5,000, ita kuma diyyar ɓarnar dukiyar wani ta tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ma'ana ko da ace kai ne da laifin, in inshorarka ta gaske ce, kamfanin inshorar ne ya kamata ya ji da gyaran motar ruwan ba aljihunka ba. Irin wannan inshorar bata gyara taka motar, ta wanda ka yiwa ɓarna take gyarawa, don haka gyaran Corolla da maganin mai ɗakinka a wajen inshorar motarsu zaka nema, kaga dalilin da yasa waye mai laifi a rahoton yake da tsada. Ka duba lambar motarka da tasu a rumbun bayanan inshorar motoci na NIID ta intanet ka gani ko inshorar tana raye, don jabu sunyi yawa, musamman wadda aka yanka a bakin ofishin lasisi hannun 'yan kamasho. In taka ta gaske ce ka sanar da kamfanin yau a rubuce, kar ka jira a gama gyaran rahoto, yawanci suna da sharaɗin a sanar dasu da wuri, ka haɗa musu da kwafin wasiƙarka mai hatimi kace rahoton akwai ƙorafi a kansa. Suna kuma da sharaɗin kar ka amsa laifi ko kayi alƙawarin biya ba da saninsu ba. In sun tsaya yi maka yawo da hankali NAICOM na karɓar ƙorafi akan kamfanonin inshora.

Abu ɗaya da sai kai kaɗai zaka amsa, tsakaninka da Allah. Labarin ɓangare ɗaya naji. Ka zauna ka tuna da kyau, gudu nawa kake, waya na hannunka ko a'a, lasisinka da takardunka na raye? In akwai ɗan naka sakacin ka faɗa wa lauyanka tun yanzu kar yaji a bakin abokan gaba, don kotu tana iya raba laifi ta ce wannan nada kaso kaza wancan kaso kaza, ba dole sai mutum ɗaya ya kwashe duka ba. In kuma lasisin ya mutu to wannan laifi ne daban da zaka ji dashi, amma bai mayar da wanda ya fito daga lungu mai gaskiya ba.

Shi kuma manaja, in ya sake kira kar ka zage shi kar kuma ka lallashe shi, kuma dan Allah ka cire irin kalmomin nan namu na kunya, ayi haƙuri, za mu san yadda za'ayi, bari in ga abinda zan iya haɗawa, don wayoyin yanzu suna naɗar magana kuma gobe sai a kunna ace ka amsa. Kace masa na shigar da ƙorafi akan rahoton a rubuce, ku turo buƙatarku a rubuce da takardar kimar gyara da sunan kamfanin inshorarku, zan miƙa wa nawa. ₦650,000 ɗin nan ma waye ya kimanta, bakaniken waye? 'Yan sanda kuma ba 'yan karɓar bashi bane, in aka kira ka caji ofis aka aje maka takardar alƙawarin biya akace sa hannu ko a tsare ka, kace sai lauyanka ya gani. In takardar sammaci tazo daga kotu kar ka ɓuya, kaje ranar da aka sa da lauya da fayil ɗinka, kar kuma wani ya rarrashe ka a bakin kotu wai ka amsa laifi a ci ka tara kaɗan a wuce wajen, wannan amsawar ita zasu ɗauka su nemi kuɗin gyaran da ita.

Sulhu ban hana ba, alheri ne, kuma sau da yawa da kamfani yaga mutum ya zo da rahoton likita da hotuna da shaidu da wasiƙa mai hatimi sai murya ta sauko, wanda ke neman ₦650,000 ya koma cewa kowa ya gyara tasa. To a nan ma kar kayi saurin cewa na yafe. Gyaran mota naka ne kana iya yafewa, amma karayar hannu haƙƙin matarka ne, sai ka tambaye ta, kuma a bari likita ya faɗi inda hannun ya kwana tukunna, kar a sa hannu yau wata biyu a ce sai anyi aiki. Duk abinda kuka daidaita a rubuta, nawa ne, wa zai biya, yaushe, kowa ya sa hannu da shaidu biyu-biyu, a karanta maka da Hausa kafin ka taɓa biro, a kai kwafi ɗaya caji ofis a sa a fayil. Kuma ko an sulhunta ka tsaya sai an gyara lambar motar da lokacin da maganar raunin, don fayil ɗin yana nan a ajiye da sunanka a kai.